Hannun jarin Nike ya karye: araha ce ta samu, ko da sauran faɗuwa?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni mai sayar da takalma ne, na ɗan tara kimanin dala 2,000 a wata manhajar da ake sayen hannun jarin kamfanonin Amurka. Na ga hannun jarin Nike da ya taɓa haura dala 170 yanzu yana yawo a wajen dala 60. Ni dai a shagona babu kambas ɗin da ake nema kamar mai tambarin Nike. Wannan ba araha ba ce? In zuba kuɗin duka in jira, ko akwai abin da ban hango ba?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa albarka a kasuwa. Na ji daɗi da ka faɗi sana'arka, domin abin da ya sami Nike mai shago zai riga ɗan boko gane shi. Labari ne na kwantai, da ɓatawa da 'yan sari, da cika kasuwa da kaya iri ɗaya har masu saye suka gundura.

Kamfanin bai mutu ba, kuma ban ga alamar mutuwa a tattare da shi ba. Amma dala 60 ba araha ba ce irin wadda kake zato. Farashin ya karye ne saboda ribar ma ta karye, kuma wanda ya saya a wannan farashi ya sayi fata ne cewa ribar za ta dawo inda take a da. Fatan yana da madogara, sai dai fata ne. Alƙaluman da zan kawo maka sun tsaya a rahoton da kamfanin ya fitar a watan Disamba 2025, don haka ka duba farashin ranar da kake karantawa ka ɗora shi a kan wannan lissafi.

Kafin mu shiga lissafin, bari in ɗan taɓa maganar shagonka. Yawancin kambas masu tambarin Nike da ke kasuwanninmu ko dai gwanjo ne ko kuma na kwaikwayo, kuma ko sisi daga cinikinsu ba ya shiga asusun kamfanin da ke Beaverton a jihar Oregon. Gaskiya ne sunan yana da farin jini a wajenmu, shi ne ma yake ɗinka wa Super Eagles riguna tun 2015, kuma kowa ya tuna yadda aka yi rububin rigar gasar cin kofin duniya ta 2018. Amma kuɗin Nike daga wani wuri suke fitowa. Sama da kashi 40 cikin 100 na cinikinsa a Arewacin Amurka ake yi, sai Turai, sai ƙasar Sin. Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne me matashin Amurka da na birnin Shanghai suke sawa a ƙafa, kuma nawa suke biya.

Ga alƙaluma biyu da nake so ka riƙe, domin duk maganar tana cikinsu. Shekarar kuɗi ta Nike tana ƙarewa ne ranar 31 ga Mayu. A shekarar da ta ƙare a Mayu 2022, ya yi cinikin dala biliyan 46.7, ya ci tsantsar ribar dala biliyan 6. A wadda ta ƙare a Mayu 2025, ya yi cinikin dala biliyan 46.3, kusan daidai da na wancan karon, amma ribar ta tsaya a dala biliyan 3.2. Ciniki ɗaya, riba rabi. Da yaron shagonka ne ya kawo maka irin wannan lissafi, nan take za ka san ɗayan biyu ne: ko yana karya farashi don kaya su fita, ko kuma sari ya yi tsada. A wajen Nike duka biyun ne suka haɗu.

Yadda aka kai ga haka shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. A watan Janairu 2020 aka naɗa John Donahoe shugaban kamfanin. Ba ɗan harkar takalmi ba ne, daga kamfanonin fasaha ya fito, ya taɓa shugabantar eBay. Dabararsa ita ce Nike ya rage dogaro da 'yan sari da manyan kantuna, ya riƙa sayar wa mutane kai tsaye ta intanet da shagunansa na kansa, ta yadda ribar da dillali yake ci za ta dawo gida. Tun ƙarshen 2019 dama kamfanin ya janye kayansa daga Amazon, sai aka ci gaba da yanke hulɗa da kantuna da dama, aka kuma rage kayan da ake ba wa irin su Foot Locker. Sai annobar korona ta zo, aka kulle mutane a gida, cinikin intanet ya bunƙasa, kowa ya ce mutumin nan ya hango nesa. A watan Nuwamba 2021 hannun jarin ya kai wajen dala 177.

Amma kanta ba ta zama babu kaya, kai ka fi ni sani. Da Nike ya kwashe nasa daga kan kantocin, masu kantunan ba su zauna suna kallon gurbi ba, sai suka cika shi da takalman wasu. Nan ne Hoka, na kamfanin Deckers, da On na ƙasar Suwizalan, da New Balance, da Asics suka samu wurin da da ba za su samu da kuɗi ba. Mai son gudu ya shiga kanti, ya gwada takalmi mai taushin ƙasa da bai taɓa jin sunansa ba, ƙafarsa ta ji daɗi, ya saya, ya gaya wa abokinsa. Da annoba ta wuce mutane suka koma kantuna, Nike ya tarar an zauna masa a wuri.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo a ganina. Nike ya girma ne a kan wasanni: wanda ya kafa shi tare da Phil Knight a 1964, wato Bill Bowerman, mai horar da 'yan tsere ne. A da an tsara ma'aikatan kamfanin ne bisa wasa, masu kula da gudu daban, na ƙwallon ƙafa daban, na ƙwallon kwando daban. Aka rushe wannan tsari aka mayar da shi na maza, mata da yara. Ƙirƙirar sabon takalmi ta yi sanyi. Don a cike gurbin, sai aka jingina da tsofaffin samfura uku da suke tashe a lokacin, Air Force 1 da Dunk da Air Jordan 1, aka yi ta buga su kala-kala ana turawa kasuwa. Darajar irin waɗannan takalma tana cikin wahalar samunsu ne. Da suka zama a ƙafar kowa, yayinsu ya fara wucewa, matasa suka koma Samba da Gazelle na Adidas, kaya suka yi kwantai, shafin Nike na intanet ya zama wurin da ake jiran rangwame. Wanda ya saba sayen kayanka da ragi, da wuya ka sake shawo kansa ya biya cikakken kuɗi.

Ranar 28 ga Yuni 2024 kasuwa ta yanke hukunci: hannun jarin ya faɗi da kusan kashi 20 cikin 100 a wuni guda, faɗuwar da bai taɓa yin irinta ba tun da aka fara sayar da shi ga jama'a a 1980. A watan Oktoba na wannan shekara Donahoe ya sauka, aka dawo da Elliott Hill, wanda ya shiga kamfanin yana ɗan koyon aiki a 1988 ya yi shekara 32 kafin ya yi ritaya.

Abin da Hill yake yi daidai ne, kuma ina faɗin haka da zuciya ɗaya. Yana rage yawan tsofaffin samfuran nan da gangan, yana kwashe kwantai ko da a kan asara ne, ya koma yana gyara tsakaninsa da kantuna, ya mayar da kaya Amazon a 2025, ya kuma dawo da tsarin wasa-wasa a cikin gida. An fara ganin alama a ɓangaren gudu: sababbin takalma irin su Vomero 18 sun karɓu, kuma kamfanin ya ce cinikin takalman gudu ya ƙaru da sama da kashi 20 cikin 100 a rahotanninsa na ƙarshen 2025. Cinikin Arewacin Amurka ma ya fara ɗagowa. Sai dai gyaran nan yana cin riba kafin ya kawo ta, kuma yana tafiya ne a daidai lokacin da wasu matsaloli biyu suka taso waɗanda ba Hill ne ke riƙe da linzaminsu ba.

Ta farko ita ce kuɗin fito. Nike ba shi da masana'antar ɗinka takalmi tasa, kwangila yake bayarwa. Kusan rabin takalmansa a Biyetnam ake yin su, sama da kwata a Indunusiya, mafi yawan ragowar a Sin. Da gwamnatin Donald Trump ta sanar da harajin kashi 46 cikin 100 a kan kayan Biyetnam ranar 2 ga Afrilu 2025, hannun jarin ya gangara zuwa ƙasa da dala 55 cikin 'yan kwanaki. Daga baya an sasanta a kan kashi 20, amma duk da haka kamfanin da bakinsa ya ƙiyasta a 2025 cewa harajin zai ci masa dala biliyan 1.5 a shekara. Ka kwatanta wannan da ribar dala biliyan 3.2. Zai ɗora wani ɓangare a kan masu saye, ya matsa wa masana'antu su ɗauki wani, amma ba a ƙara wa kaya kuɗi cikin sauƙi alhali ana fama da kwantai.

Ta biyu, wadda ta fi damuna, ita ce Sin. Shekaru da dama can ne Nike yake samun riba mafi kauri a kan kowane takalmi. Tun rikicin audugar yankin Xinjiang a watan Maris 2021, lokacin da aka yi kiraye-kirayen ƙaurace wa kamfanonin Yamma, matasan ƙasar suka ƙara karkata ga nasu na gida, Anta da Li-Ning, waɗanda kuma kayansu ba na wasa ba ne yanzu. Ga tattalin arzikin ƙasar ya yi sanyi. Cinikin Nike a can ya sauko daga dala biliyan 7.5 zuwa wajen 6.6 cikin shekara guda, kuma a rahoton Disamba 2025 ya sake faɗuwa da kashi 17 cikin 100. Haraji gwamnati ce ta sa, wata gwamnatin ko kotu tana iya cirewa. Amma idan zuciyar mai saye ta juya, babu dokar da ke dawo da ita. Kamfanin takalma na Converse ma, wanda Nike ya saya a 2003, cinikinsa yana ta zubewa, sai dai shi ƙarami ne a cikin lissafin.

Yanzu mu zo kan kalmar araha. Masu wannan harka ba sa auna hannun jari da farashinsa na bara, suna auna shi da ribar da yake kawowa. Ana raba tsantsar ribar kamfani da yawan hannayen jarinsa, a samu rabon kowane guda, sannan a duba ninki nawa na wannan rabo kasuwa take nema. Lokacin da Nike yake dala 177, ribar kowane hannun jari a shekarar da ta gabata dala 3.56 ce, wato mutane suna biyan kusan ninki 50. Wannan farashin zumuɗi ne, bai kamata ya zama ma'auninka ba, kamar yadda ba za ka auna farashin rago da na jajibirin Sallah ba. A shekarar da ta ƙare Mayu 2025 ribar kowane guda dala 2.16 ce. Idan ka saya a dala 60, ka biya kusan ninki 28 ke nan, a kan kamfanin da cinikinsa bai ƙaru ba cikin shekara uku. Akwai kamfanoni masu bunƙasa da ake samu a ƙasa da haka.

Me ya sa kasuwa take biyan ninki 28? Saboda ta riga ta sa ran farfaɗowa a cikin farashin. Ga lissafi na misali, nawa ne ba na kamfanin ba. Idan cikin shekara uku ko huɗu ribar ta koma dala 3.70, kamar yadda take a 2024, kasuwa kuma ta yarda da ninki 24, hannun jarin zai kai wajen dala 89. Riba ce mai kyau, amma ba 177 ba ce. Idan kuwa ribar ta maƙale a dala 2, mutane suka gaji da jira suka ce ninki 20 za su biya, ka ga dala 40 ke nan, kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka ya tafi. Duka hanyoyin biyu a buɗe suke. Adidas ya shiga irin wannan rami bayan ya rabu da takalman Yeezy a 2022, har ya yi asara a 2023, sannan ya miƙe a ƙarƙashin sabon shugabansa Bjørn Gulden cikin ƙasa da shekara biyu. Hannun jarin Under Armour kuwa, wani kamfanin kayan wasanni na Amurka, ya haura dala 50 a 2015, kowa yana cewa shi ne zai ture Nike, har ƙarshen 2025, shekara goma ke nan, bai sake kusantar wurin ba, yana ƙasa da dala 10. Ni na fi ganin Nike kusa da Adidas, saboda girmansa, da kuɗin tallan da babu mai iya ja da shi, da kwangilolinsa na wasanni, har tawagar ƙwallon Jamus za ta bar Adidas ta koma wajensa daga 2027. Amma na ga mutane da dama sun sayi wannan hannun jari a dala 120 suna cewa ya gama faɗuwa, wasu a 90, wasu a 75, kowannensu da hujja irin taka.

Idan abu ɗaya za ka riƙa dubawa a rahoton kamfanin, to ka duba ɗanyar riba, wato abin da ya rage a cikin kowace dala 100 ta ciniki bayan an cire kuɗin ƙera kaya da kawo su. A 2022 dala 46 ce. A 2024 ta zama 44.6, a 2025 ta zama 42.7, a rahoton Disamba 2025 kuma ta sauko 40.6. A kan cinikin dala biliyan 46, kowace dala ɗaya da ta zame a wannan ma'auni kimanin dala miliyan 460 ce ta tafi. Ciniki ana iya kumbura shi da rangwame ko da tura wa kantuna kaya, amma ɗanyar riba ba ta ɓoye komai. Ranar da ka ga ta daina sauka ta fara hawa rahoto biyu ko uku a jere, ranar ce za ka san mutane sun koma biyan cikakken farashi.

Akwai rabon riba da kamfanin yake biya duk wata uku, kuma ya shafe sama da shekara 20 yana ƙara shi kowace shekara. A ƙarshen 2025 ya kai santi 41, wato dala 1.64 a shekara. Amma ka sani Amurka tana cire harajin kashi 30 cikin 100 daga rabon wanda ba mazauninta ba idan ƙasarsa ba ta da yarjejeniyar haraji da ita, kuma Najeriya ba ta da ita. Dala 2,000 ɗinka za ta sayi guda 33 a kan dala 60, rabonka na shekara dala 54, bayan haraji ya koma wajen 38. Ba abin da za a riƙe gida da shi ba ne. Ka kuma lura cewa rabon nan yanzu yana cinye kusan kashi uku cikin huɗu na ribar kamfanin, don haka ƙarin da za a riƙa yi nan gaba ba zai yi yawa ba sai ribar ta dawo.

Na san za ka so jin batun halacci. Sana'ar kamfanin takalmi da tufafi ce. Ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara dokokin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, wanda yawancin masu tace hannayen jari na halal suke bi, ya ce bashi mai ruwa kada ya kai kashi 30 cikin 100 na darajar kamfani a kasuwa, kuɗin shiga da ba su halatta ba kuma kada su wuce kashi 5. Bashin Nike na dogon zango wajen dala biliyan 8 ne, darajarsa a farashin dala 60 kuma ta kusa biliyan 90, ka ga yana can ƙasa da iyakar. Yana samun ɗan kuɗin ruwa a kan ajiyarsa, wanda masu bin wannan ma'auni suke fitar da kwatankwacinsa daga rabonsu su bayar. Ka kai wa malaminka waɗannan alƙaluma ya yi maka fatawa, shi ne mai wannan fage.

Sai wani ruɗi da ya kama mutanenmu da yawa. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayi Nike kafin nan, idan ya duba asusunsa da naira zai ga kamar ya ci riba, alhali a dala ya yi asara mai yawa. Dalar ce ta yi masa aiki, ba Nike ba. In dai burinka kare kuɗinka daga faɗuwar naira ne, ba ka bukatar ɗaukar kasadar kamfani guda. Ma'aunin S&P 500, mai ɗauke da manyan kamfanonin Amurka 500, ya tashi daga wajen 4,700 a Nuwamba 2021 zuwa sama da 6,500 a ƙarshen 2025, a daidai tsawon lokacin da Nike ya rasa kashi biyu cikin uku na darajarsa. Akwai asusun haɗaka, wato wanda ake tara kuɗin mutane a sayi hannun jarin kamfanoni da yawa, da ke bin irin wannan ma'auni, har da waɗanda aka tace bisa Shari'a.

Da kuɗin nawa ne, Malam, ba zan zuba dala 2,000 duka a nan ba, balle idan jarin shago ne ko kuɗin da za a nema kafin shekara uku. Zan ware wa Nike abin da bai wuce dala 300 zuwa 400 ba, in raba shi gida uku ko huɗu, in riƙa saye bayan kowane rahoto maimakon kafinsa, ragowar kuma in sa a asusun haɗaka. Ka tabbatar manhajar da kake amfani da ita tana da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Najeriya, ka kuma san kuɗin da take cira wajen canji da wajen fitar da kuɗi, domin a kan ƙaramin jari waɗannan suna iya cinye rabon shekara guda.

Kamfanin yana fitar da rahotonsa sau huɗu a shekara, wajen ƙarshen Maris, Yuni, Satumba da Disamba, kuma kyauta ne a shafinsa na masu zuba jari. Duk lokacin da ya fito, ka nemi layin ɗanyar riba da layin cinikin Sin ka rubuta su a littafin shagonka kusa da na rahoton baya. Idan dukansu biyu suna ci gaba da sauka, ka riƙe kason da ya rage a hannunka har rahoto na gaba.